Haddar Amsa Ba Ta Gyara Jimla: Nasiha Ga Masu Neman Aikin Banki

Akwai wata magana da ta bazu tsakanin samarinmu da ƴammatanmu masu neman aikin akawu a banki, tun daga Alela da Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela, wadda na daɗe ina ji ina kawar da kai, har ta kai ga shiru a kanta ya zama cin amanar sana'ata ta koyar da Ingilishi. Maganar kuwa ita ce, wai akwai wani kundi mai ɗauke da tambayoyin gyaran jimla, ana tura shi ta WhatsApp, ana kuma buga shi a shagunan fotokwafi, wanda duk ya haddace amsoshinsa ya gama da takardar Ingilishi, domin wai daga cikinsa ake ciro tambayoyin jarrabawa. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ɓarnar da take yi ta fi ta rashin karatun baki ɗaya, saboda wanda bai yi shiri ba ya san bai yi ba, amma mai haddar nan yakan shiga zauren jarrabawa da cikakkiyar natsuwa, ya fito da ita, sai ranar da aka kafe sunaye ya duba bai ga nasa ba.

Kundin da ake kawo mini, ko da bangonsa ya bambanta, asalinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya buɗe shi da idon basira zai gane ƙasar da ya fito. Kuɗin da ke cikin jimlolinsa rufi ne, ana ƙirga su da lakh da crore, wato dubu ɗari da miliyan goma a lissafin mutanen Indiya, garuruwan da ake ambata kuwa su Mumbai ne da Delhi. An shirya shi ne domin jarrabawar ɗaukar akawu ta bankin SBI da kuma wadda hukumar IBPS mai mazauni a Mumbai ke gudanarwa, inda a zagayen farko ake ba ɗalibi tambayoyin Ingilishi 30 cikin minti 20, kuma a rage masa rubu'in maki a kan kowace amsa da ya kuskure. To, ina haɗin wannan da banki mai reshe a Ƙonni ko a Tawa, wanda yake ƙarƙashin dokokin babban bankin BCEAO, yake kuma lissafi da sefa? Wane dalili zai sa mai shirya jarrabawa a Yamai, ko a Dakar, ko a Lome, ya ɗauko tambayar da aka rubuta wa ɗan Indiya, ya bar ta da harafin amsarta yadda take, domin kawai wani yaro ya haddace ta a gindin bedi?

Ban ce karanta kundin haramun ne ba. Nahawun Ingilishi ɗaya ne ko'ina, kuma jimlar da take da lahani a Mumbai tana da lahani a Galmi. Abin da nake ƙi, kuma zan yi ta maimaita shi har a gaji da ni, shi ne a mayar da littafin motsa ƙwaƙwalwa ya zama littafin duba, a bar jimla a rungumi harafi, yaro ya zauna dare da rana yana tilawar cewa ta ɗaya B ce, ta biyu D ce, alhali in ka rufe zaɓin ka tambaye shi mene ne ya ɓaci a jimlar, sai ya yi zuru. Ƙari a kan haka, waɗannan takardu sun bi hannuwa da yawa kafin su iso mu, an kwafa an sake kwafa, wani shafi ya faɗi, lambobi sun goce, har ana samun jerin amsar da bai dace da tambayoyin da ke gabansa ba, sai ɗalibi ya haddace kuskure da kyakkyawar niyya. Akwai kuma ƴan ƙananan camfe-camfe da ke biye da babban, irin su wai amsa mafi tsawo ita ce daidai, ko wai in ka rikice ka zaɓi C. Waɗannan ba su cancanci in ɓata tawada a kansu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ne mutanen da bai kamata a yaudara da irin wannan ba. A ƙasar nan tamu, a Maratta kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya wallafa Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu, kuma har gobe a zaurukan malamanmu ana karanta Ajuruma da Alfiyyar Ibnu Malik. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin nahawu ya san ba a karɓar amsa tsirara: in ka ce kalma rufu'a take, sai an tambaye ka don me, sai ka nuna fa'ili ce ko mubtada'i, sai ka faɗi alamarta. Gyaran jimlar Ingilishi i'irabi ne, ba wani abu ba. Mai jarrabawa ya ɗauki jimla lafiyayya, ya sa mata illa guda da gangan, yana so ya ga ko za ka gane illar, ka kuma san ƙa'idar da aka karya.

Ga misali, a rubuta maka: “The list of new customers are on the manager's table.” Mai hadda zai tsaya yana laluben ko ya taɓa ganin wannan a kundi. Mai i'irabi kuwa zai fara da neman wanda ake ba da labarinsa, ya ga “list” ne, tilo, ya ga “of new customers” jarri ne da majaruri da aka cusa a tsakani domin jam'in da ke ƙarshensa ya ruɗi kunne, ya cire shi a zuci, nan take sai “is” ta bayyana a gurbin “are”. Wanda ya fahimci wannan sau ɗaya ya mallaki duk jimlolin da aka gina a kan tarkon, ko an canza masu ajiya an sa takardun ceki, ko an sa buhunan albasa.

Dalilan da ke sa ɗan wannan yanki ya faɗi ba su da yawa, kuma ba irin na ɗan Indiya ba ne, shi ya sa kundinsa ba ya warkar da ciwonmu. Yaronmu yana shiga Ingilishi da harsuna biyu a ƙarƙashin harshensa, Hausar gida da Faransancin lakwal, kowanne yana jan alƙalaminsa. Wani lokaci sukan haɗu su ja shi wuri guda: Bahaushe yana cewa ina aiki a nan tun 2021, Bafaranshe ma da fi'ilin yanzu yake faɗin haka, saboda haka in aka rubuta “I am working here since 2021” sai kunnensa ya ji daɗinta ya wuce, alhali Ingilishi ba ya yarda sai da “I have been working”. Daga Faransanci ne ake kwaso “informations” da “advices” da “equipments”, sunayen da Ingilishi ba ya jam'inta su, da “discuss about”, da “he has thirty years”. Daga Hausa kuwa ake samun kuskuren da ya fi kowanne muni a bakin ma'aikacin banki, domin mu da saiwa ɗaya muke cewa na ranta masa da na ranto daga gare shi, sai yaro ya ga “The bank borrowed the trader two million francs” ya ce ba laifi, bai lura ba an mayar da mai ba da bashi ya zama mai ci, wurin da “lent” ya kamata ta zauna.

A nan ne nake so masu cewa wannan duk wahalar banza ce, aikin akawu ai ƙirga kuɗi ne, su tsaya su yi tunani. Ƙonni gari ne na bakin iyaka, Illela ta Nijeriya tana nan kusa, Sakkwato ba nisa, kuma ban da lokutan da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da kuma bayan Yulin 2023, fataken albasa da na wake da na dabbobi ba su daina kai da kawowa da takardun da aka rubuta da Ingilishi ba. A rubutun Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓangarensa, a na Ingilishi kuwa ɗigo ne, waƙafi aikinsa raba dubbai. Wanda ya ga 1,500 a takardar Ingilishi ya karanta ɗaya da rabi ya halaka dukiyar wani. Abin da Ingilishi ke kira biliyan shi ne miliyar a Faransanci. Idon da ke tsallake harafin “s” a ƙarshen fi'ili shi ne idon da zai tsallake sifiri a ƙarshen adadi, kuma wannan idon ne banki ke nema ya tace tun a bakin ƙofa. Bugu da ƙari, kundin tsarin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, saboda haka wanda ke jiran ranar da za a daina tambayarsa Ingilishi zai daɗe yana jira.

Ba zan ɗora wa yara laifin duka ba. Yaro yana fara Ingilishi tun shekararsa ta farko a kwalej, ya yi shekara huɗu ya zauna BEPC, ya ƙara uku a lise, jimla bakwai, ya fito bai taɓa rubuta wasiƙa guda da wani ya zauna ya bi ta da jan alƙalami ya nuna masa inda ya kauce ba. Aji ya cika maƙil, littafi ya yi ƙaranci, malami ya rubuta ƙa'ida a allo da Faransanci, yara su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa, a ba su maki. Mu malamai mu muka koya musu cewa ilimi shi ne mayar da abin da aka ba ka, don haka bai kamata mu yi mamaki ba in mai shagon fotokwafi ya gaje mu. Amma wanda ke karɓar jikkunan iyayen yara yana rantsuwa cewa tambayoyin da za su fito ne a hannunsa, wannan ya ji tsoron Allah. In ƙarya yake ya ci haram, in kuma gaskiya ne ya sa yaro ya fara neman aikin amana da ha'inci.

To, me za a yi? Ka sayi littafin rubutu guda, ka keɓe shi ga wannan aiki kaɗai. Kullum ka ɗauki jimla goma, kada ka wuce, ko daga kundin nan ne ma, ka rufe zaɓin da tafin hannunka, ka nemi fi'ili da mai aikata shi tukuna, sa'an nan lokaci, sa'an nan lamiri da abin da yake komawa gare shi, sa'an nan ƙananan haruffan nan irin su “in” da “on” da “at”. Ka rubuta jimlar da ka gyara cikakkiya da hannunka, a ƙarƙashinta kuma ka rubuta illar da Hausa, da kalmominka, kamar kana yi wa ƙanenka bayani. In ka dace da amsa amma ka kasa faɗin dalili, ka lissafa ta cikin waɗanda ka faɗi, domin sa'a ce, kuma ba a gina aiki a kan sa'a. Ranar Juma'a kada ka ɗauki sabuwa, ka yi muraja'ar kurakuran mako. Za ka tarar ba su wuce iri biyar ko shida ba suna ta dawowa cikin sabuwar riga, kuma su ne naka, su za ka yaƙa.

Agogo ya zo daga baya. Masu fara gwaji da gudu tun ranar farko suna koyon gaggawar yin kuskure ne kawai. Sai ƙa'ida ta zauna, kamar saura mako uku ko huɗu, sa'an nan ka fara auna kanka da minti, a kan kwamfuta in da hali, tun da yanzu jarrabawa da yawa a kanta ake yi. In kuna da fada, ku mayar da sa'a guda ta shan shayi ta zama darasi: kowa ya kawo jimla ya sa mata illa da kansa, sauran su nemo, domin wanda ya iya ɗana tarko ba ya faɗa masa da sauƙi.

Sai karatu, wanda ba shi da madadi. Ɗan canjin bakin tasha yana gane jabun takarda da taɓawa ɗaya saboda yawan ta gaske da ta bi ta hannunsa. Haka kunne yake gane gurguwar jimla in ya saba da lafiyayya. Bankin Ecobank, wanda aka kafa a 1985 da hedkwata a Lome, yana fitar da rahotonsa na shekara da Ingilishi da Faransanci, kuma ana samunsa a intanet kyauta. Ka ɗauki shafi guda daga kowanne ka jera su, ka ga yadda harsunan biyu ke faɗin abu ɗaya ta hanya dabam. Sanarwar Babban Bankin Nijeriya ma da Ingilishi take fita, kuma kalmominta su ne na sana'ar da kake nema.

Kafin duk wannan, ya ɗana, ya ƴata, ka karanta sanarwar ɗaukar aikin da kanka tun daga farko har ƙarshe, ka san ko akwai takardar Ingilishi, da nauyinta a cikin maki, da ko ana rage maki a kan kuskure, domin kada ka bar Faransanci da lissafi su lalace kana bin abu guda. In wani ya tare ka da kundi yana cewa a ciki za a fito, ka buɗe shafin da ka ga dama, ka nuna masa jimla guda, ka ce ya faɗa maka illarta. In ya kasa, ka riƙe kuɗinka ka sayi littafin rubutu.