DARASI: Zagin Mata A Gidan Aure, Laifi Ne Ko "Sha'anin Cikin Gida"?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ana ta tambayata a kan dokar VAPP, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015. Sashe na 14 ya mayar da cin mutunci da baki da ƙuntata wa zuciya laifi: ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tarar da ba ta wuce N200,000 ba, ko duka biyun. A Abuja take aiki, sai jihar da ta karɓe ta. Kaduna ta karɓa a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021, mu a Kano aka daɗe ana kai-komo. Da yawanmu cewa muke: "Dokar Turawa ce, so suke su rusa mana aure."

To, kafin mu yanke hukunci, mu buɗe littattafan da muke karantawa a zaurukanmu.

Na farko: a Mukhtasar, Shehu Khalil ya tabbatar wa mace haƙƙin neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko da shaidu ba su ce abin ya maimaitu ba.

Na biyu: da Imam Dardir ya zo sharhi, bai tsaya a kan duka ba. Ya lissafa ƙaurace mata babu dalili, da zaginta, da zagin mahaifinta. Kuma bayan rabuwar, alƙali zai ladabtar da mijin. Kai malam, "uwaki, ubaki" ɗin nan da ka mayar ruwan sha, a Malikiyya abin hukunci ne fa.

Na uku: za ka ce zagi ba ya barin tabo, ina hujja? Malamanmu sun karɓi shaidar ji, wato abin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta. A nan Sheshe katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, wa ya isa ya ce ba a ji? In abin ya rikice, alƙali ya zaunar da su cikin mutanen kirki su lura, sannan a tura masu sulhu biyu daga danginsu, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. In ma ta biya kuɗin khul'i, daga baya cutarwar ta tabbata, a mayar mata da kuɗinta.

Saboda haka ni a ganina, asalin hukunta zagi ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin tattaunawa shi ne tsari: a fayyace wace magana ce laifi, a fara da sulhu kafin caji ofis, a duba wa zai ciyar da yara in an ɗaure uba, kuma matar da ke wulaƙanta mijinta ita ma doka ta hau kanta. Waɗannan gyara ne, ba dalilin watsi ba.

Iyaye kuma, mu ji tsoron Allah. 'Yarku ta zo tana rama kamar mai jinya, kun ce "koma ki yi haƙuri, ai bai dake ki ba." Haƙuri ibada ne, amma ba a ɗora shi a kan wanda aka zalunta a ƙyale azzalumi.

Allah Ya gyara mana gidajenmu. Wallahu a'alam.