Amsoshin Tambayoyinku: Da Me Zan Koyar da Lantarkin Iska?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Duk lokacin da na zo darasin samar da lantarki daga iska, zane kawai nake yi a allo, yara kuma sun ƙi gamsuwa. Wane kayan aiki zan saya?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa aljihu, fara leƙa rumfar mai gyaran rediyo. Ka nemi ɗan moton nan da ke juya kaset ko faifan DVD a cikin matattun na'urori. In ka ba shi wuta sai ya juya, in kuma kai ka juya shi sai ya ba ka wuta. Manyan injinan iska 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina, masu ƙarfin megawat 10 a jimlace, a kan wannan dabarar suke aiki.

Farfela kuwa yara su yanka daga kwali ko gorar ruwa, su kafa fikafikan a murfin roba, a soka shi a tsinken moton. Ban da gwangwani, yana yanka yatsa. Fanka ce iskarku; in an ɗauke wuta ku fita fili, hunturu ba ya karɓar ko sisi.

A wajen haɗa ƙwan fitila da moton ake jin kunya. Ni ma na sha ta: yara sun kewaye ni, farfela na gudu, ƙwai ya ƙi kamawa. Jan ƙwan LED yana son kusan bolt 2, fari kusan 3, ɗan moto kuwa sai ya yi gudun gaske yake kai wa nan. Ga shi ƙwan ta fuska ɗaya yake karɓar wuta, don haka in ya ƙi, musanya wayoyin tukuna.

Shi ya sa in abu ɗaya za ka saya, sayi mitar awon wuta irin ta masu gyara. Da ita yara za su gwada fiffike biyu, uku, shida, su rubuta lambar da kowanne ya bayar. Za su ga fiffiken da aka kafa a miƙe ba ya motsi sai an ɗan karkata shi, farfela mai fikafikai da yawa kuma saurin tashi gare ta amma ba gudu.

Daga nan sai ka ƙara wa fankar lamba su ga yadda mitar ke tsalle. A nan ne za ka gaya musu cewa in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkuwa.