Cututtukan Jiki a Tsakanin Masu Taɓin Hankali

Hausawa kan ce jiki magayi. Amma idan mai taɓin hankali ya ce ƙirjinsa na ciwo, sau da yawa akan ɗauka sambatu ne, a ƙyale shi. Wannan darasi zai nuna illar yin haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu taɓin hankali mai tsanani, kamar sikizofireniya da matsananciyar damuwa, sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a. Galibinsu cututtukan jiki ne ke zama ajalinsu: ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari, tarin fuka da ciwon hanta. Wani bincike da aka gudanar a yankin Butajira na ƙasar Habasha, aka buga a 2015, ya gano cewa a can tazarar ta kai kimanin shekara 30, kuma cututtuka masu yaɗuwa ne kan gaba.

Dalilan Matsalar

Na farko shi ne magani. Wasu magungunan taɓin hankali, irin su olanzapine da clozapine, suna buɗe ciki, su sa ƙiba, su kuma ƙara sukari da kitse a cikin jini. Na biyu shi ne yanayin rayuwa: shan taba ya fi yawa a tsakanin waɗannan majiyyata, ga rashin motsa jiki, ga talauci. Wanda aka ɗaure da mari a ɗaki mai cunkoso kuwa, tarin fuka ba ya da wuyar kama shi. Na uku shi ne sakacin masu lafiya. Da zarar an san mutum da taɓin hankali, sai a jingina kowane kokensa ga ƙwaƙwalwa, har cutar ta ci ƙarfinsa kafin a gano ta.

Abin Yi

A 2018 hukumar ta fitar da ƙa'idojin kula da lafiyar jikin irin waɗannan majiyyata. Ana so a riƙa auna nauyinsu, da bugun jininsu, da sukarin jininsu a kai a kai. Idan awon jini ya yi ta kaiwa 140/90 ko fiye, hawan jini ke nan. Tarin da ya wuce mako 2 yana bukatar gwajin majina. Kada dangi su tsayar da magani don tsoron ƙiba, domin ciwon zai iya dawowa. A sanar da likita, shi zai rage ko ya sauya.

Saboda haka, ɗalibi, in kana da ɗan'uwa mai wannan lalura, ka saurare shi in ya koka, ka kuma nemi a auna shi ranar karɓar magani.

Tambayoyi
1. Kawo dalilai uku da ke rage tsawon rayuwar masu taɓin hankali.
2. Me ya sa bai kamata a tsayar da magani ba tare da shawarar likita ba?