Darasin Lafiya: Hawan Jini Lokacin Ciki

Kowane manomin rani ya sani, idan hanyar ruwa ta ƙuntata, shuka ba za ta yi kyau ba. Haka yake ga jariri a cikin uwarsa. Abincinsa da iskarsa duka ta wurin mabiyiya suke zuwa.

A watannin farko na ciki, waɗansu ƙwayoyin mabiyiya sukan shiga bangon mahaifa, su buɗe ƙananan jijiyoyin jini na uwa su yi faɗi. Idan wannan aiki bai cika ba, jini ba zai ishi mabiyiya ba. Sai ta riƙa sakin waɗansu abubuwa cikin jinin uwa, masu ɓata jijiyoyinta. Daga nan jinin uwa yakan hau, yawanci bayan mako 20.

Me ke tsara wannan aiki?

Cikin kowace ƙwayar jiki akwai saƙonni masu faɗin irin furotin da za a yi. Akwai kuma waɗansu ƙananan abubuwa da ake kira maikro-RNA. Aikinsu shi ne su tare saƙo, don kada a yi furotin fiye da kima. Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka suka gano wannan a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2024.

Ɗaya daga cikinsu, mai suna miR-210, yakan yi yawa sa'ad da iskar oksijin ta kasa. An same shi da yawa cikin mabiyiyar mata masu wannan ciwo. Idan ya yi yawa, ƙwayoyin nan masu buɗe jijiyoyi ba sa shiga mahaifa sosai. Masu bincike suna neman hanyar auna shi cikin jini domin a gane ciwon da wuri, amma ba a fara wannan a asibiti ba tukuna.

Abin da za mu yi

1. Mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, a auna jininta da fitsarinta kowane zuwa. Awon jini 140/90 ko fiye gargaɗi ne.
2. A lura da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska ko hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama.
3. Idan jijjiga ta kama ta, a kwantar da ita a gefenta, kada a ɗura mata kome. A kai ta asibiti nan da nan, akwai allurar da ke tsai da jijjiga.
4. A ci gaba da lura bayan haihuwa, gama ciwon yakan zo a kwanakin jego ma.

Maigida, kada ka jira ranar ta zo kafin ka nemi kuɗin mota. Ka ajiye tun yanzu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwon yakan fara daga mabiyiya?
2. A ƙauyenmu, wa zai kai mai ciki asibiti da dare?