Darasinmu Na Wata: Ina Za Ka Kai Kukanka?

Manoma, a lura. Kura, Bunkure da Garun Malam suna cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Tsarinsu ya samo asali daga gyaran 1976. Kowace tana da shugaba, kowace mazaɓa kuma tana da kansila.

Ƙaramar hukuma ke kula da hanyoyin ƙauye, kasuwanni da ƙananan asibitoci. In kwalbati ya karye, tumatir na ruɓewa a gona, nemi kansilanka. Rikicin iyakar gona kuwa, a fara da mai unguwa, sannan dagaci, sannan hakimi.

Amma ruwan noman rani daga madatsar Tiga yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Gwamnatin Tarayya. Can ake kai kukansa.

Tambaya: Wane ne kansilan mazaɓarku?