Ruwan da ya yi garau ba lallai ne ya zama lafiyayye ba

Kusan kullum sai wani ya shigo ɗakin gwajinmu da ruwa a tsohuwar robar lemo, ya ce, "Malam, a duba mana ruwan rijiyar burtsatsenmu." Nakan karɓa, amma a raina na san rabin aikin ya riga ya lalace tun daga gida.

Abin da muke nema ƙanƙani ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha, wato giram 10 a cikin ruwan da zai cika tankar mai 30. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta, tafasawa kuma ba ta fitar da ita, sai ma ta ƙara taruwa idan ruwan ya ƙone. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san ba abin wasa ba ce.

To, mai neman abu ƙarami haka, kwalbarsa ma abar tuhuma ce. Mu da asid muke wanke namu, mu ɗauraye da tataccen ruwa. A wurin ɗiba mukan bar famfo ya zuba na 'yan mintuna, sannan mu ɗiga asid a kwalbar don kada ƙarfen da ke ruwan ya manne a jikinta na'ura ta kasa ganinsa. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta daban yake: ba a sa masa asid, a ƙanƙara yake tafiya, kuma kada ya wuce kwana ɗaya.

Lokaci ma yana da tasiri. Kogin Challawa da ke karɓar ruwan majemun Kano, abin da za ka samu na kuromiyam da rani ba shi za ka samu a watan Agusta ba, lokacin da damina ta tsinka shi. Shi ya sa ba na amincewa da takardar gwaji guda da ake liƙawa a bango shekara da shekaru.

Kafin ka ɗebo ruwa, fara zuwa ɗakin gwajin ka karɓi kwalba. Ka kuma faɗa mana abin da ke kusa da rijiyar, masai ne, juji ne, marina ce ko wurin gyaran batir, don da shi muke sanin abin da za mu nema.