Yadda za ka gano wanda ya ƙera injin tsohon agogon katako da wayarka

Ka san wayar da aka rubuta Tecno a bayanta, sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta kamfanin MediaTek ce. To, haka abin yake a tsofaffin agogunan Amurka masu injin katako: sunan da ke jikin akwati daban, maƙerin inji daban. Wanda bai san haka ba zai iya biyan kuɗin babban suna a intanet, a turo masa injin wani.

Daga ina matsalar ta samo asali?

A 1807 Eli Terry na jihar Connecticut ya karɓi kwangilar ƙera injuna 4,000 cikin shekara uku, ta hanyar yanka sassa iri ɗaya da na'ura. A 1816 ya yi rajistar fasahar agogon ɗorawa kan kanta, wanda ake wanawa kullum domin awa 30 yake yi. Maƙwabtansa suka yi ta kwaikwayo, wasu da izini kamar Seth Thomas, wasu babu. Masu haɗa akwati kuma sukan sayi inji a wajen wani, su manna takarda mai sunansu.

Matakan da za ka bi

1. Buɗe ƙofar agogon, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a ciki. Karanta da kyau: wata takan ce Terry ne ya ƙirƙiro fasahar, amma wani ne ya ƙera ya sayar.

2. Duba kayan aikin. A irin na Connecticut, allunan inji galibi na itacen oak ne, faifai masu haƙora na itacen cherry, sai faifai ɗaya na tagulla, wanda ke fitar da ƙarar tik-tak. Idan allunan katako ne amma faifan duka tagulla, ka fi zargin yankin Black Forest na Jamus.

3. Idan fuskar agogon na cirewa cikin sauƙi, ɗauki hoton gaban injin kai tsaye. Kashe filashi, ka haska tocila daga gefe, ka ajiye rula kusa domin a gane girma.

4. Matso da kyamara kan ƙananan abubuwa: siffar ƙarfen da ke riƙe faifan tagulla, abin da ke danne faifan ƙirga bugun awa, da wuraren ramuka. Nan kowane maƙeri ya bar hannunsa, tunda yawancinsu ba sa buga suna a inji.

5. Kwatanta da jadawalin Snowden Taylor, wanda ya rarraba waɗannan injuna bisa irin alamomin nan a mujallar ƙungiyar NAWCC ta masu tara agogo a Amurka.

Google Lens fa?

Zai taimaka wajen gane salon akwati, amma injunan sun yi kama da juna sosai, don haka kada ka ɗauki amsarsa a matsayin hukunci.

Ka kuma lura da ramukan da babu komai cikinsu a jikin akwatin, alama ce mai yiwuwa an sauya inji. Shekaru ma ma'auni ne: daga ƙarshen shekarun 1830 injin tagulla mai araha na Chauncey Jerome ya fara kore na katako daga kasuwa.

Kafin ka tura ko sisi, nemi hoton injin. Mai sayarwar da ya ƙi turowa, ka bar masa kayansa.